Taƙi Ɗaya da Yatsu Uku

Argungu,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga ɗiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki Rukayya da duk mutanen gida a Badariya. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana ko kaji fitowa tsakar gida. Innarki Sadatu tana gaishe ki, ƙafarta da ta dame ta kwanaki ta yi sauƙi.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane ne kuma Kalilu. To, uwata da kakarki Ɗayyaba ciki ɗaya suka fito, saboda haka ni kawunki ne ko kin so ko ba ki so ba. Rabona da ke tun kina 'yar shekara tara, ranar da Rukayya ta kawo ki kallon su, bikin kamun kifin nan namu, kika ga giwan ruwa kwance a ƙasa kika ɓuya bayana. Laifin rashin zumunci nawa ne, na ɗauka.

Arzika direba, wanda zai miƙa miki wannan, shi ya ba ni labarin kina da shago a Nasarawa, kina haɗa kwamfuta da hannunki tun daga noti na farko. Ya ce har tsayawa kallo ake yi. Na ce masa ba abin mamaki ba ne, gidanmu ba a taɓa rasa mai aikin hannu ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, amma kafin in zama malam ɗan masunci ne ni. Ubana ya san kowane gurbi na gulbin nan tun daga Augie har Matan Fada: sunansa, kifin da ke kwana cikinsa, watan da ake shigarsa, watan da ake barinsa ya huta, da gidan da ke da hakkinsa. Waɗanda suka san wannan tare da ni duk sun riga ni tafiya. Ina so in rubuta shi kafin in bi su, kuma da kwamfuta nake so in rubuta.

Kada ki ce mini laftof. Ɗana ya aiko mini da ɗaya, ba ta shekara ba cikinta ya kumbura, mai gyara ya ce sai dai a jefar. Ina son irin wadda ake kwancewa, a cire abin da ya mutu a bar mai rai. Muna da sola a gida, tana ɗaukar fanka da talabijin.

Sharaɗina ɗaya ne. Akwatin da za ki zuba kayan a ciki, faɗinsa kada ya wuce taƙi ɗaya da yatsu uku. Tsawonsa kada ya kai kamu. Allo da kibod ban damu da girmansu ba.

Kada ki kira ni a waya kan wannan magana. Waya ta gaisuwa ce, abin da aka rubuta shi ake komawa a duba. Abin sayayya yana hannun Arzika.

Naki kawu,
Malam Kalilu.

*

Nasarawa, Birnin Kebbi,
13 ga Afrilu.

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, na ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya. Mama ta karanta sau biyu, ta ce in gaya maka har yanzu bakinka bai mutu ba. A gaida Inna Sadatu, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kawu, wa ya ce na manta ka? Fuskarka dai ta ɓace mini, ba zan yi ƙarya ba, amma hannunka na tuna. Ranar giwan ruwan nan ka ɗora shi a kaina, ya rufe tun daga goshi har ƙeya, na daina kuka. Shekara goma sha bakwai ke nan, kuma har yau in aka ce babban hannu naka nake gani.

Aikin da kake so ka yi ya shiga raina, zan haɗa maka injin da ba zai ba ka kunya ba. Amma ka yi haƙuri, a kan akwatin sai mun ɗan ja. Kesin muke ce masa a kasuwa. Mutane suna raina shi, sun ɗauka gwangwani ne kawai, alhali shi ke yanke komai. Shi zai faɗi girman madabod, wato farantin da duk kayan ke zama a kansa. Shi zai faɗi girman fanka, da ta inda iska za ta shiga da ta inda za ta fita. Ƙaramin kesin yana da kyau a hoto, a ƙasar da ake sanyi. A Kebbi cikin Afrilu kuwa kamar a kulle mutum ne a ɗakin kwano marar taga. Satin da ya wuce wani ɗan kasuwar albasa ya kawo mini irinsa, ya saya don ya burge abokai, na buɗe na tarar fankarsa ta gaji ta tsaya.

Da za ka bar mini zaɓi, matsakaici zan sa maka, mai fanka gaba da baya, ya zauna ƙarƙashin tebur shekara goma ba ruwansa da kowa. Don haka ina da tambaya biyu. A ina za ka ajiye shi da har sai ya zama ƙarami haka? Kanta ce, ko alkuki, ko cikin kabad? In wurin rufaffe ne, gara in sani tun yanzu. Na biyu, don Allah ka sa tef na awo ka aiko mini da santimita. Taƙi ai kowa da nasa.

Ba gardama nake yi da kai ba, Kawu. Aikina ne in faɗa.

Ɗiyarka,
Ummu Hani.

*

Argungu,
20 ga Afrilu.

Ɗiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Ki gaida Rukayya.

Na karanta laccarki, na ba ki takwas cikin goma. Maki biyun da na cire na rashin bin umarni ne.

Da taƙi ubana ya auna jirgi, da taƙi aka sassaƙa shi, kuma jirgin bai taɓa nutsewa ba. Taƙina ne, ba na kowa ba, kin kuma ce kin san hannun. Inda zan ajiye shi magana ce ta cikin gida. Ba rufaffen wuri ba ne lokacin da yake aiki, wannan ya ishe ki.

Taƙi ɗaya da yatsu uku. In ba ya yiwuwa ki gaya mini kai tsaye. Ina so ya iso kafin ruwa ya zauna.

Kawunki,
Kalilu.

*

Nasarawa,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Inna. Mu ma lafiya, an yi mana yayyafin farko jiya, ƙasa ta yi ƙamshi.

Ga injinka nan a hannun Arzika, na ce ya ɗora shi a kujerar gaba, kada ya kuskura ya sa shi a but tare da buhunan shinkafa. Ina son maki biyuna.

Bari in gaya maka yadda na yi da awon, tunda ka hana ni santimita. Na auna taƙina, sha bakwai ne. Na ce a'a, ba da irin wannan hannun Kawu ya auna ba. Sai na bi layinmu ina leƙen hannun mutane, har mai sayar da caja ya tambaye ni ko na koma duba ne. A ƙarshen layi akwai Abbas mai walda, wani ƙato da ke ɗaga tukunyar gas da hannu ɗaya. Da na ga hannunsa na ce yawwa, ga na Kawu. Ya shimfiɗa a kan tebur yana dariya, na auna: taƙinsa ashirin da huɗu, yatsunsa uku shida, ya kama talatin.

A talatin akwai zaɓi mai kyau, har hankalina ya kwanta. Na kawo kesin huɗu na jera. Ɗaya gilashi ne a gefe da fitilu masu launi, na ce wannan na samari ne. Ɗaya ƙarfensa siriri kamar gwangwanin madara. Ɗaya ba shi da ƙofar iska sai ta baya. Na huɗun baƙi ne, gajere, mai kauri, faɗinsa ashirin da bakwai, kaurinsa ashirin, da raga ta gaba da ta sama da babbar fanka mai juyawa a hankali ba ƙara. Shi na ɗauka. Ka ga har na bar maka rarar santimita uku.

Na kunna shi wuni biyu a cikin shago ƙofa a rufe, da gangan, bai ko yi gumi ba. Na sa maka haruffanmu masu ƙugiya, na manna takarda a kibod don ka ga inda suke. Wayoyi kowace da launinta, ja ta shiga ja, shuɗiya ta shiga shuɗiya.

Ka rubuto ka gaya mini gurbin da ka fara da shi.

Ɗiyarka,
Ummu Hani.

*

Nasarawa,
2 ga Yuni.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Ina tambaya da gaske ne, don ban sani ba.

Yau kwana ashirin da bakwai ban ji daga gare ka ba. Arzika ya ce ya miƙa maka hannu da hannu, ka shiga da shi ɗaki kai da Inna, kuka daɗe, ka fito ka ce masa madalla, ba ka ƙara ko kalma ba. Duk Talata da Juma'a ina tare shi a tasha, ya buɗe mini tafin hannu ya girgiza kai. Na karya dokarka na kira waya sau uku. Inna ce ke ɗauka. Ta ce ka fita, ta ce kana hutawa, na ukun ta ce, "Ɗiyata, ki yi mai haƙuri."

Haƙurin me, Kawu? In injin bai tashi ba, abu ne na minti goma. In hanya ta girgiza wani abu ya kwance, a mayar mini in ɗaure. In kuma wani ne ya zo ya ce maka aikin mace ne a kai wa namiji ya duba, ba kai ne na farko ba, na saba ji. Amma daga gare ka zai yi mini ciwo, gara in faɗa. Na yi wannan aikin kamar na ubana ne.

Ko kuwa laccar da na yi maka ce ba ta wuce ba har yanzu? In ita ce, na tuba. Mama ta ce bakina ya fi ni girma tun ina ƙarama.

Damina ta fara zama, kai ka ce kana so kafin ruwa. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Ummu Hani.

*

Argungu,
11 ga Yuni.

Ɗiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, ba ciwon kwanciya. Ki gaida Rukayya, ki ce mata bakinki daidai yake da ke.

Injinki ya tashi tun ranar farko. Ba wanda ya duba bayanki, kuma duk wanda ya ce mini aikin mace ne sai ya bar mini zaure. Laifin ba naki ba ne. Kunya ce ta hana ni rubutu, kuma jiya Sadatu ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, ko ka hwaɗa mata ko ni in shiga motar Arzika in hwaɗa mata." Kin san ba a wasa da ita.

Abu biyu na ɓoye miki.

Na farko. Wannan littafin na taɓa rubuta shi. Littafin rubutu goma sha ɗaya, shekara shida ina yi. Shekara uku da suka wuce gulbi ya cika ya shigo unguwarmu. A gidan masunta in ruwa ya zo ba a neman akwati, gora ake nema, babban goran nan da kika ga masu su suna kwanciya a kansa. Abin da ya fi daraja a zuba a ciki, mutum ya kwanta a bakin ya rufe shi da cikinsa, ya yi iyo ya fita. Haka aka yi da takardun gona tun zamanin kakana. Ranar nan ina kasuwa, Sadatu ta zuba abin da ta iya, littattafan suna ƙarƙashin gado cikin kwali. Da ruwa ya janye na ɗaga su, sun zama kamar dame. Ko layi ɗaya ban karanta ba.

To awon da na ba ki na bakin goran ubana ne. Laftof ba ta shiga, na gwada. Na ce duk abin da zan sake zuba wa wannan aikin sai ya shiga gora. Ban gaya miki ba don na ga 'yar boko ta Birni za ta yi dariya, a ce tsoho zai sa kwamfuta a cikin duma.

Na biyu ya fi nauyi. Ki buɗe ɗaya takardar da ke cikin ambulan. Hannuna ne, Sadatu ta zagaye shi da fensir, a buɗe iya buɗewarsa. Sanyin ƙashi ya kama shi shekara huɗu ke nan, yatsun suna lanƙwashewa ciki kaɗan-kaɗan. Hannun da kika tuna babu shi, Ummu Hani. Abin da zai ba ki mamaki, ni ma shi nake tunawa. Da na auna bakin goran na ce taƙi ɗaya da yatsu uku, wallahi a raina taƙin nan na da nake gani. Sai ranar da muka ɗora akwatinki a bakin gora ya zauna a kai kamar murfi, na sa hannu na auna shi, na ga taƙi biyu saura kaɗan. Na zauna a bakin gado na daɗe ina kallon hannun.

Shi ya sa nake son kwamfuta. Biro ya fara gagarata. Wasiƙar farko kwana uku na yi ina rubuta ta, ta biyun da kika ga gajeriya ba fushi ba ne, ranar hannun ya ƙi. Wannan ma duk bayan layi biyar sai na tsoma shi a ruwan ɗumi. Likita ya ce ba zai koma ba, sai dai a rage masa gudu. Yatsa biyu suna da ƙarfin danna maɓalli, su nake so in ci moriyarsu tun suna nan.

Ban fara rubuta komai a injin ba. Na kasa zuba gurbi ko ɗaya a abin da na san zan bari a ɗaki in ruwa ya zo. Na yi tunanin faɗaɗa bakin goran da wuƙa, Sadatu ta ce in na faɗaɗa shi cikina ba zai rufe shi ba, kuma gaskiyarta.

Ga akwatin nan na mayar. Ga kuma zobe na kaba, Sadatu ta saƙa shi daidai bakin goran, ba taƙin kowa a ciki. Abin da ya wuce ta cikinsa ya shiga gora. In babu irinsa a duniya ki gaya mini, ba zan ji haushi ba.

Maki biyunki na mayar miki.

Kawunki,
Kalilu.

*

Nasarawa,
19 ga Yuni.

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. A gaida Inna Sadatu gaisuwa ta musamman, ka ce mata na gode da barazanar.

Na buɗe takardar hannun a shago, na ɗora nawa a kai, naka bai fi nawa buɗewa ba. Na rufe ƙofa na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na gama na wanke fuska na ɗauki zoben na fita. Kuma ban yi dariyar gora ba. Shekara biyar ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa ba ni dalili mai ƙarfin naka na son ƙaramin kesin.

Zoben santimita ashirin da ɗaya ne. Kwana uku ina yawo da shi a hannu kamar gammo, duk kesin da na gani sai na zura masa. 'Yan layinmu sun gama da ni da tsiya, Abbas ya ce in an gama a ba shi ya yi awarwaro. Abin da ya wahalar da ni, bakin gora zagaye ne, kesin kuwa mai kusurwa. Akwai biyu da faɗinsu ya yi, kusurwa ta hana. Na gane ba gajere mai kauri nake nema ba, siriri nake nema, wanda zai shiga ta gefe kamar littafi.

Na same shi wurin Musaddiq, mai kawo mana kaya daga Legas, can ƙasan kanta, ya ce shekara biyu ba wanda ya taya. Faɗinsa sha tara, kaurinsa shida da rabi. Na zura zoben ya wuce, da ɗan sarari kamar kaurin fensir. Na yi kabbara a tsakiyar shagon mutane.

Madabod ɗinka ya zauna a ciki daidai. Tukunyar wutar ce ba ta shiga ba, na mayar da ita ta waje irin cajar laftof, wannan ma ya rage zafi a ciki. Babbar fankar na haƙura da ita, na sa gajeriya. Raga ce gefe da gefe, don haka a tsaye za ka ajiye shi, kada a jingina shi da bango, kada Inna ta rufa masa kyalle don ado. In rana ta take a bazara ka ba shi hutu, kai ma ka huta. Ba zai kai wancan sanyi ba, amma rubutu ba ya dafa inji. Na gwada shi wuni biyu kamar wancan.

Wayoyi uku ne a bayansa. Kowace na ɗaura mata madauki na igiya, ka zura yatsa ko wuyan hannu ka ja, ba sai ka damƙa ba. Na sauya kibod da mai manyan maɓallai masu taushi. Akwai leda mai kauri a kwalin, a sa shi ciki kafin gora.

Yanzu saura faɗa, don ni ma ina da maki da zan cire. Kawu, da ka gaya mini tun farko, da na ce maka rubutun shekara shida yana shiga abin da bai kai babban yatsanka ba. Ga filashi biyu nan, na rataya su a zare kamar laya. Na rubuta maka yadda ake kwafa, mataki uku ne. Duk Juma'a ka ba Arzika ɗaya, in zuba a nawa injin in mayar maka ranar Talata. Ko gora ya fashe, Allah ya kiyaye, gulbinka yana Nasarawa.

Yanzu ba ka da hujja. Gurbi na farko nake jira.

Ɗiyarka,
Ummu Hani.

*

Argungu,
14 ga Satumba.

Ɗiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Muna raye, muna lafiya, ni da Sadatu. Na san hankalinku ya tashi da kuka ji labari, waya ba ta shiga, Arzika kuma sati biyu bai samu hanya ba. Ki gaya wa Rukayya ta daina kuka, ba a rasa rai ba a unguwarmu.

Kin ga wannan takarda ba da biro aka yi ta ba. Ki duba da kyau, in kin ga kuskure na maɓalli ne, ba na malam ba.

Ranar Talata ce, da hantsi. Tun asuba muna ganin ruwa a bakin lungu, muka ce irin na bara ne da ya leƙo ya koma. Ina zaune ina rubuta gurbi na arba'in da ɗaya, Bakin Tsamiya, inda ubana ya hana a jefa homa, ragar kamun kifi, sai bayan girbin gero, sai na ji sanyi a tafin ƙafa. Na duba, tabarma tana motsi. Na adana rubutun tukuna kamar yadda kika koya mini, na kashe injin. Na zura hannu a madaukanki, ɗaya, biyu, uku. Sadatu ta sa shi a leda, ta juya shi ta gefe, ya zame cikin gora ba gardama. Filashin yana wuyana. Ta ɗora allo da kibod a kai cikin kwalla, ta bi matan makwabta tun ruwa yana gwiwa.

Ni na tsaya kwance tumaki, kafin in gama ruwa ya kai ƙirji a lungu. Rabona da hawa gora shekara ashirin. Na ji tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba, na ce da wane hannu zan riƙe. Da na kwanta a kai sai jikin ya tuna, ashe ba riƙewa ake yi ba, ciki ne ke yin aikin. Hannun kuma da ya ƙi buɗewa ya lanƙwashe daidai yadda ake ɗebo ruwa. Na tuƙa har bakin makarantar da ke kan tudu, mutane suna tsaye suna kallo. Wani tsohon ɗalibina ya shigo ya ja ni, ya ce, "Malam, mi ke cikin goran da ka rungume haka?" Na ce masa gulbin ne gaba ɗaya.

Bangon ɗakina na gabas ya faɗi, teburin ya tafi, gadon yana nan cikin laka. Za a gyara, 'yan'uwa sun fara kawo ƙasa. Muna zaune a aji ɗaya da gidaje huɗu. Kwana biyu ban yarda na buɗe ledar ba. Ran na uku hedimasta ya ba ni wuta daga solar ofis, ja ta shiga ja, shuɗiya ta shiga shuɗiya, na danna. Fankar ta juya. Bakin Tsamiya yana nan inda na bar shi, a tsakiyar jimla. Sadatu ta yi guɗa a ofishin mutane.

Tun ranar tsofaffin da muke zaune tare suka kewaye ni. Ina karanta musu, suna gyara mini. Wata tsohuwa, Abu, ta tuna mini gurbi biyu da na manta sam. Yanzu arba'in da tara ne, saura hamsin da biyar a lissafina. Da yatsa biyu nake yi, gurbi ɗaya a wuni, wani lokaci biyu. In Allah ya bar mini su zuwa bazara, na gama. Ga filashin nan, Juma'a biyu ne a ciki.

Wannan ce wasiƙa ta farko cikin shekara huɗu da na rubuta ban tsoma hannu a ruwan ɗumi ba. Sunana kaɗai zan sa da biro a ƙasa, don ki san ni ne.

In ruwa ya janye hanya ta bushe, ki shiga motar Arzika ki zo, ke da Rukayya. Ina so ki ga goran da idonki. Ki kuma zo kusa ki durƙusa yadda ɗiya ke yi. Hannun ba zai rufe kanki ba yanzu, amma zan ɗora shi.

Kawunki,
Kalilu.